Saukar Suga da Zuciyar Tsofaffi

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifiyata tana da shekara 74, ta daɗe da ciwon suga, tana shan glibenclamide. Kwanan nan takan farka da asuba jiƙe da gumi, zuciyarta na bugawa da ƙarfi. Da muka auna muka ga 58. Ƙanina ya ce gara sugan ya sauka da ya hau. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Hajiya lafiya. Maganar ƙaninki ba ta dace da mai shekarunta ba. Duk abin da ya gaza 70 a na'urar awo sauka ne, ƙasa da 54 kuwa haɗari ne sosai.

Da zarar suga ya faɗi, jiki kan saki sinadarin adrenalin don hanta ta fito da wanda ta ajiye. Shi ke kawo gumin da rawar jiki, shi ne kuma ke sa zuciya gudu, ga buƙatarta ta iskar oksijin ta ƙaru. Matashi zai jure. Amma tsohuwar da jijiyoyin zuciyarta suka riga suka ƙuntata, wannan gudun na iya jawo mata ciwon ƙirji, har ma bugun zuciya. A lokaci guda sinadarin fotasiyam na raguwa a jini, tsarin bugawar ya rikice, jinin kuma ya fi saurin daskarewa. Na dare ya fi damuna, domin mutum na barci, ba wanda ya sani.

Wani babban bincike mai suna ACCORD, da aka yi kan mutum sama da 10,000 a Amurka da Kanada, ya gwada matsa suga ƙasa sosai a wani ɓangare na mutanen. A 2008 aka dakatar da wannan ɓangaren saboda mace-mace sun fi yawa a cikinsa. Shi ya sa muke sassauta wa tsofaffi, awon HbA1c (gwajin jini da ke nuna matsakaicin suga na kusan wata uku) na 7.5 zuwa 8 ya wadatar ga da yawansu.

Glibenclamide na daɗewa a jiki, musamman in ƙoda ta fara rauni, ga shi tsofaffi ba su cika cin abincin dare sosai ba. Ni dai ba na son sa ga wanda ya haura 70. Ku kai ta wurin likitanta a makon nan, a duba ƙoda, a yi hoton bugun zuciya, a sake duba maganin. In tana shan maganin hawan jini atenolol ko propranolol ku faɗa masa, don suna ɓoye alamomin saukar.

Kafin nan, in ya sake faɗuwa ku dama cokali uku na shayi na sukari a ruwa ta sha, ku sake aunawa bayan minti 15, sannan ta ci abinci. Ko azumi take yi, ta karya. In ta suma kada a ɗura mata komai a baki, a garzaya da ita asibiti.