Amsa: Yadda allurar rage ƙiba take aiki

'Yar'uwa, kin ce likita ya rubuta miki Wegovy, kina tambayar ko allurar ce ke narkar da kitse. Ba ta taɓa kitsen kai tsaye. Sinadarinta, semaglutide, yana kwaikwayon wani sinadari mai suna GLP-1 da hanji ke fitarwa bayan an ci abinci. Shi ke sanar da ƙwaƙwalwa cewa an ƙoshi, kuma yana sa abinci ya daɗe a ciki kafin ya wuce. Sai ki ga kin ture kwano da sauran abinci, kwaɗayin dare ma ya lafa.

Sau ɗaya ake yin ta a mako, a ƙarƙashin fatar ciki, cinya ko damtse, ana sauya wuri. Ana farawa da 0.25 mg, a riƙa ƙarawa duk bayan mako 4 har zuwa 2.4 mg. Don Allah kada ki yi gaggawar ƙari, domin a nan tashin zuciya, amai, gudawa ko taurin bayan gida suka fi tsananta. Ki ci kaɗan-kaɗan, ki rage maiƙo, ki yawaita shan ruwa.

Ba a yin ta da juna biyu. Idan akwai tarihin sankarar thyroid (halittar da ke gaban wuya, wadda kumburinta ke kawo maƙoƙo) a danginku, ki faɗa wa likita tun yanzu. Ciwon ciki mai tsanani da ke ratsawa har gadon baya kuwa, ki tafi asibiti nan take.

Mutane da yawa nauyinsu na dawowa idan sun daina, don haka ku tattauna tsawon lokacin da za ki ɗauka kina yi.