Tambaya da Amsa: Wa Zan Ba Aikin Adana Kalmomin Sirrin Kwastomomina?

Tambaya: Ina sayar da atamfa a intanet, kuma masu haɗa manhaja biyu sun ba ni farashi. Mai arahar ya ce da MD5 zai adana kalmomin sirrin kwastomomi, wai tunda ba a iya warware shi, ko an sace ba komai. Ɗayan ya ce Argon2id, amma kuɗinsa ya fi yawa. Wa zan ɗauka?

Amsa: Hajiya, rabin maganar mai arahar gaskiya ce. MD5 da Argon2id duka tsarin rikita kalmar sirri ne da ake kira hash, shi kuwa hash kamar niƙa yake: gero in ya zama gari, ba ya komawa tsaba. Sai dai ɓarawon bai damu da mayar da garin ba. Tasa tsabar yake kawowa, ya zuba a inji irin naki, ya gwada garinsa da wanda ya sato. In suka zo ɗaya, ya gano kalmar. Saboda haka tambayar ita ce: cinka nawa zai iya yi a sakan guda?

A nan MD5 ke faɗuwa, domin sauri gare shi. Katin sarrafa hoto na kwamfuta guda irin RTX 4090, da manhajar fasa kalmar sirri ta Hashcat da ake samu kyauta, yana gwada cinka fiye da biliyan 100 a sakan. Kalma mai ƙananan haruffan boko takwas tana da haɗi kusan biliyan 209, wato aikin sakan biyu ne. Galibi ma ba a kai nan. Ana farawa da jerin RockYou, kalmomin sirri kusan miliyan 14 da suka fita a kutsen da aka yi wa kamfanin RockYou a 2009, sannan a riƙa ƙara 123 ko shekarar haihuwa a ƙarshe, a sauya harafin a da alamar @.

Sai maganar gishiri, wato baƙaƙen da ake ƙirƙira wa kowane mutum nasa daban a gauraya da kalmarsa kafin niƙa. In babu shi, mutum dubu masu kalma ɗaya gari ɗaya za su fitar, cinka guda ya kwashe su duka. Haka ya faru da LinkedIn a 2012: da SHA-1, wani tsari mai sauri irin MD5, suka adana kalmomin ba gishiri, ɓarayi suka saki kimanin miliyan 6.5, aka fasa mafi yawansu cikin kwanaki.

Argon2 (Argon2id nau'insa ne), wanda ya ci gasar zaɓen tsarin adana kalmar sirri a 2015, da gangan aka yi shi da nawa da cin ma'adanar kwamfuta. Kwastoma ba zai ji jinkirin ba, ɓarawo kuwa daga biliyoyi sai ya koma 'yan dubbai. Ƙungiyar OWASP, mai ba da shawara kan tsaron manhaja, ta ce mafi ƙaranci a ba shi megabait 19 na ma'adana da zagayen niƙa 2. In bcrypt, wani tsarin mai nawa irinsa, za a yi amfani da shi, kada matakin wahalarsa ya gaza 10, kuma a san ba ya karanta abin da ya wuce bait 72.

Amma a lura, Argon2id kyauta ne, kada a caje ki a kansa. PHP ma, harshen rubuta manhaja, yana da umarnin password_hash mai yin wannan niƙa a cikinsa, aikin layi biyu ne. Abin da ya sa muka fi karkata ga na biyun shi ne, wanda har yau yake kare MD5 muna shakkar sauran aikinsa. Ki nemi ragi, a rubuta sunan tsarin a yarjejeniya. Ranar karɓar aiki ki danna "na manta kalmar sirri". In aka turo miki tsohuwar kalmarki maimakon hanyar sa sabuwa, to ba a niƙa ta ba, kada ki biya cikon kuɗin sai an gyara.