YouTube na tafiya lafiya, wasa na yankewa: ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a unguwar Yelwa, a Garwa. Ina da kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu mai Windows na Faransanci, ina haɗa ta da intanet ta ƙaramin modem mai layi, wani lokaci ta wayata. YouTube na tafiya lafiya lau, amma da na shiga wasan ƙwallo da abokaina sai 'yan wasa su daskare, su yi tsalle, can kuma a jefo ni waje. Kiran Zoom ma murya tana gutsurewa, musamman bayan magariba. Wata rana kuma manhajar wasan ta ƙi buɗewa gaba ɗaya, alhali rezo a cike yake. Na sayi data mafi tsada, babu abin da ya canja. In sayi sabon modem ne, ko kwamfutar ce ta gaji?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka sayi komai tukuna. Tsakanin kwamfutarka da sabar wasan, wato babbar kwamfutar da ke gudanar da wasan daga nesa, akwai gaɓoɓi huɗu: ita kwamfutar, hanyar da ke tsakaninta da modem, hanyar da ke tsakanin modem da eriyar kamfanin layi, sai doguwar hanyar da ta tashi daga can zuwa ƙasashen waje. Kowacce tana iya kawo abin da ka bayyana, kuma maganin wannan ba ya yi wa waccan aiki. Aikin farko shi ne gano gaɓar da ke ciwo.

Amma bari mu fara da abin da ya ɗaure maka kai, wato yadda bidiyo ke tafiya wasa kuma na ƙi. YouTube yana sauke daƙiƙu masu yawa na bidiyon ya ajiye kafin ka kai wurin. Kamar mai shan ruwa daga randa ne: ko famfo ya ɗauke na ɗan lokaci, ba zai sani ba. Wasa da kiran murya kuwa bakinsu a kan famfon yake, da ya tsaya sun ji. Wasa ba ya cin data mai yawa, galibi bai kai megabit 1 a daƙiƙa ba, alhali bidiyo mai kyau yana neman kusan 5. Abin da wasa ke so shi ne ƙananan saƙonni su riƙa zuwa su dawo a kan lokaci, sau da dama a kowace daƙiƙa, ba tare da ko ɗaya ya ɓata ba. Shi ya sa ƙarin kuɗin data bai amfane ka ba. Yawa ka saya, wasa kuwa daidaito yake nema.

Ga yadda za ka auna. Danna maɓallin Windows tare da R, rubuta cmd, ka danna Entrée. A baƙin allon da ya buɗe rubuta ipconfig. Nemi layin da aka rubuta Passerelle par défaut: lambar da ke gabansa ita ce adireshin modem ɗinka. A yawancin modem na Huawei 192.168.8.1 ce. In ka ga adireshin kwamfutar kanta ya fara da 169.254, to ba ta ma samu lamba daga modem ba. Kashe modem ɗin na minti ɗaya, ka sa kwamfutar ta manta da Wi-Fi ɗin, ka sake shigar da kalmar sirri. In komai daidai ne, rubuta wannan, da lambar da ka gani a naka allon:

ping 192.168.8.1 -n 50

Kwamfutar za ta aika saƙo 50 zuwa modem, ta faɗi tsawon lokacin da kowanne ya ɗauka kafin ya dawo, da ma'aunin ms, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. A ƙarshe za ka ga perte, yawan waɗanda suka ɓata ke nan, da Minimum, Maximum da Moyenne. A wannan gaɓar ya kamata perte ta zama 0%, lokacin kuma ya tsaya ƙasa da 10. In kana ganin 3, 4, 2, sai kwatsam 250, ko wani layi ya ce Délai d'attente de la demande dépassé, matsalar tana cikin ɗakinka, kamfanin layi ba shi da hannu a ciki.

Wannan ita ce mafi sauƙin gyara, kuma ita mutane suka fi tsallakewa. Cire Wi-Fi daga lissafi gaba ɗaya: haɗa modem ko wayar da kwamfuta ta igiyar USB. A wayar Android ana kunna shi a wurin da ake raba intanet, ƙarƙashin Partage de connexion. In babban rauta ne mai ramin Ethernet, igiyar Ethernet ta fi komai. In dole sai Wi-Fi, to iri biyu ne, 2.4 GHz da 5 GHz: zaɓi 5 GHz idan na'urarka tana da shi, ka zauna kusa, domin 2.4 GHz ya cika da cunkoson maƙwabta da na'urorin Bluetooth. In 2.4 GHz kaɗai gare ka, sa tasharsa (canal) a kan 1, 6 ko 11 a saitin modem ɗin. Sannan ka duba mutum nawa ke kan modem ɗin. Waya ɗaya tak da ke ɗora bidiyo a WhatsApp ko tana tura hotuna zuwa Google Photos ta isa ta toshe hanyar fita, sai saƙonnin wasanka su shiga dogon layi a bayanta. Ita ma kwamfutarka tana yin haka a ɓoye. Rubuta resmon a wurin da ka rubuta cmd, ka buɗe shafin Réseau, za ka ga manhajar da ke jan data a lokacin. Sau da yawa sabunta Windows ne, ko OneDrive, ko Steam yana sauke wani wasa. Shiga saitin Wi-Fi ɗin ka kunna Connexion limitée. Windows zai rage yawancin saukar da yake yi a bayan fage, datarka ma ta daɗe.

Kada ka raina zafi. A Garwa da Marwa watannin Maris da Afrilu suna wuce digiri 40, kuma wayar da ke caji, tana raba intanet, tana kwance a kan katifa ƙarƙashin rufin kwano, da kanta take rage aiki don kada ta ƙone. Ka taɓa bayanta: in ba ka iya riƙe ta a tafin hannu cikin natsuwa, cire mata riga, ka ɗora ta inda iska ke ratsawa. Batirin modem da ya fara kumbura kuwa a canja shi nan take, wannan ya wuce maganar wasa, maganar gobara ce.

To, in gaɓar gida ta fito tsaf, sai ka leƙa waje, ka aika saƙo zuwa adireshin wata sabar Google:

ping 8.8.8.8 -n 100

A nan abu biyu za ka sa wa ido. Na farko perte: kashi 1 ko 2 cikin ɗari ana jin sa a wasa, daga 5 zuwa sama kuwa shi ne daskarewar da kake gani. Na biyu tazarar da ke tsakanin Minimum da Maximum. Layin da ke ba ka 140 a tsaye ya fi wanda ke yawo tsakanin 60 da 500, ko da matsakaicin na biyun ya fi kyau a ido, domin wasa yana iya sabawa da jinkirin da bai canjawa, amma ba ya iya hasashen wanda ke hawa da sauka. Yi wannan gwajin sau biyu, da sassafe bayan asuba da kuma ƙarfe takwas na dare, ka rubuta sakamakon a takarda.

In na safe ya yi kyau na dare ya lalace, cunkoso ne a eriyar unguwarku. Bayan magariba kowa ya dawo gida, kowa ya kunna TikTok, kuma eriya ɗaya ce ake rabawa. Sandunan rezo da ke cike a allo ƙarfin siginar kawai suke nunawa, ba sa nuna mutum nawa ke kanta. Sabon modem ba zai warware wannan ba. Abin da zai taimaka shi ne gwada layin wani kamfani a wuri ɗaya da lokaci ɗaya. Aro layin aboki, MTN, Orange ko Camtel, wanda dai ba naka ba, ka maimaita gwajin. In kana Njamena, Airtel da Moov Africa. Ba wanda zai iya ce maka wannan kamfani ya fi ko'ina, abin unguwa-unguwa ne, wani lokaci ma gida-gida.

In kuwa safe da dare duk ɗaya ne, siginar ce mai rauni ko mai datti. Rubuta adireshin modem ɗin a burauza ka shiga shafinsa. Da yawa suna nuna lambobi biyu masu amfani. RSRP ƙarfin sigina ne: -80 ya yi kyau sosai, -100 na lallaɓawa ne, ƙasa da -110 wahala ce. SINR tsabtarta ce: sama da 13 ya yi, kusa da sifili kuwa hayaniya ta rinjayi saƙo. Rufin kwano da katangar siminti suna cinye sigina. Ɗauki modem ɗin ka zagaya da shi, kana tsayawa rabin minti a kowane wuri kana duba lambobin. Yawanci taga mai fuskantar eriya, a sama kusa da rufi, ita ce ke cin nasara, kuma doguwar igiyar USB ta mita 3 ta fi sabon modem araha nesa ba kusa ba. A shafin nan dai, canja nau'in rezo daga Auto zuwa 4G kaɗai. Duk lokacin da modem ya sauka 3G ya sake hawa, ana samun tsaiko na 'yan daƙiƙu, kuma wannan ya isa sabar wasa ta ɗauka ka fita.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin kowa a cikinmu, gara ka san shi don kada a ci kuɗinka. Yawancin sabobin wasanni suna Turai, a birane irin su Faris, Landan da Frankfurt. Saƙonka sai ya gangara kudu har bakin teku, inda igiyoyin ƙarƙashin ruwa ke sauka a Duwala, Limbe da Kribi, sannan ya bi gaɓar yammacin Afirka ya haura. Haske a cikin igiyar faiba yana tafiyar kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa, wato kowane kilomita 100 yana ƙara ms 1 a zuwa da dawowa. Lissafa dubban kilomitocin nan, ka ƙara jinkirin 4G, za ka ga da wuya mai wasa daga arewacin Kamaru ya sauka ƙasa da 100 zuwa Turai. Duk manhajar da ta yi maka alkawarin 20 ƙarya take yi. A saitin wasan zaɓi sabar Turai da hannunka. Kada ka ɗauka ta Afirka ta Kudu ta fi kusa don tana nahiyarmu, domin sau da yawa hanyar zuwa can ma sai ta biya ta Turai. Gwada duka biyun ka riƙe wadda ta fi. Wata rana kuma igiyar ce da kanta ke tsinkewa, kamar ranar 14 ga Maris 2024 da WACS, SAT-3, ACE da MainOne suka samu matsala a tekun yammacin Afirka, ƙasashe da yawa har da Kamaru suka ji a jikinsu. A rana irin wannan tambayi maƙwabta kafin ka taɓa saitin komai.

Saura ƙin buɗewar manhaja alhali intanet na nan. Wannan cuta ce daban, kuma kusan kullum a cikin kwamfutar take. Fara da agogo. Kwamfutar hannu da ta daɗe, ƙaramin batirin da ke riƙe mata lokaci yakan mutu, a da yawa daga cikinsu CR2032 ne mai kama da kwabo. Da babban batiri ya ƙare ko wuta ta ɗauke, sai kwanan wata ya koma shekarun baya. Manhajojin da ke shiga da asusu suna duba takardar shaidar tsaro ta saba, su ga kwanan watan bai yi daidai ba, su ƙi haɗuwa. Gyara agogon, ka kunna daidaita lokaci ta atomatik. In ya sake komawa baya, kai wa mai gyara ya canja batirin.

In agogo daidai yake, duba Proxy, saitin da ke karkatar da intanet ɗinka ta wata saba, a ƙarƙashin Réseau et Internet, ka kashe duk abin da ba kai ka sa ba. Manhajojin VPN na kyauta, musamman waɗanda ake yaɗawa da sunan intanet ba kuɗi, suna barin saitinsu a baya ko bayan an goge su, kuma ina ba ka shawara ka rabu da su kwata-kwata: suna ƙara nisan hanya, kuma ba ka san hannun da bayananka ke ratsawa ba. Haka nan riga-kafin birus da wa'adinsa ya ƙare yakan toshe wasa shiru. Goge shi, wanda ya zo da Windows ya wadatar. Kada ka kashe Pare-feu, wato katangar tsaron Windows, gaba ɗaya, shiga cikinsa ka ba wasan izini kawai. In ping zuwa 8.8.8.8 yana amsawa amma ping google.com ya ce bai san sunan ba, DNS ne, wato abin da ke juya suna zuwa lamba, sa 1.1.1.1 da 8.8.8.8 a saitin IPv4. Wannan yana gyara ƙin buɗewa, amma ba ya rage jinkirin cikin wasa, ko da kuwa ka ji ana cewa yana yi. Daga nan buɗe cmd da Exécuter en tant qu'administrateur, ka shigar da waɗannan ɗaya bayan ɗaya, sannan ka sake kunna kwamfutar:

ipconfig /flushdns
netsh winsock reset
netsh int ip reset

Abu na ƙarshe ya shafi wasa da abokai kai tsaye. In wasan ya nuna NAT ɗinka Strict ne, wato wasu 'yan wasa ba sa iya haɗuwa da kai kai tsaye, ko kana iya wasa da baƙi amma gayyatar aboki ta ƙi shiga, duba adireshin WAN, wanda kamfanin layi ya ba modem ɗinka, a shafin modem. In ya fara da 10, ko yana tsakanin 100.64 da 100.127, kamfanin ya haɗa ku ku da yawa a bayan adireshi ɗaya, kamar yadda aka saba a layukan waya. Buɗe ƙofofi (ports) a modem ɗinka ba zai yi komai ba, domin toshewar tana can wurinsu. Sai dai abokin da NAT ɗinsa ke buɗe ya zama mai kafa wasan ku shiga wurinsa, ko ka tambayi kamfanin ko suna ba da adireshin IP na kai da kuɗinsa. In za ka je ofishinsu, tafi da takardar nan mai sakamakon safe da na dare, da lambobin RSRP da SINR, da sunan unguwarku, ka nemi a haɗa ka da sashen fasaha.