Dalilin da ya sa sankarar jini kan dawo bayan an ce ta lafa

Hajiya, Allah Ya ba maigida lafiya. Kin tambaya yadda aka yi sankarar jini ta dawo masa bayan likitoci sun ce gwaji ya fito da kyau, da kuma ko sakaci aka yi. Na daɗe ina aiki a ɗakin gwajin jini, kuma a ganina dawowar cutar ba ta isa hujjar sakaci ba.

Jan jini ba ya wuce kimanin kwana 120 a jiki, saboda haka kullum sai an sabunta shi. Masu wannan aiki wasu ƙwayoyin halitta ne 'yan kaɗan da ke cikin ɓargo, waɗanda su ne iyayen sauran, domin suna haifar jini iri-iri kuma suna haifar irin kansu. Masana kimiyya biyu, Till da McCulloch, ne suka tabbatar da samuwarsu a birnin Toronto na ƙasar Kanada a 1961. A wannan gari dai, a 1994, wani masani mai suna John Dick da abokan aikinsa suka dasa wa ɓeraye ƙwayoyin wata sankarar jini da ta fi kama manya, sai suka tarar ƙalilan ne kawai a cikinsu ke iya tayar da cutar daga farko, wato ita ma sankarar tana da nata iyayen.

Maganin kemo ya fi cin ƙwayoyin da ke rarrabuwa da sauri, shi ya sa gashi ke zubewa, baki ya yi gyambo. Su kuwa iyayen sankarar, da yawansu kan yi lamo a ɓargo har maganin ya wuce, kamar ciyawar da aka sassabe aka bar saiwarta.

Idan an zuƙo ɓargo daga ƙashin ƙugu, mukan shafa shi a gilashi, mu rina shi, mu ƙirga ƙwayoyi 'yan ɗaruruwa a ƙarƙashin madubin ƙara girma, kuma idan ƙwayoyin da ba su nuna ba, irin waɗanda cutar ke yawaitawa, ba su kai kashi 5 cikin 100 ba, sai a rubuta cewa cuta ta lafa. Ido ba zai ga guda ɗaya da ta ɓuya cikin dubbai ba.

Ki tambayi likitansa ko akwai halin yin gwajin da ke gano ragowar cutar, da kuma ko dashen ɓargo zai dace da shi. Amma garin maganin da ake tallatawa a intanet da sunan waɗannan ƙwayoyi iyayen jini, kada ki kashe masa ko sisi, domin ba a haɗiyarsu ta baki.