Tambaya Kan Ilimin Manɗiƙi

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Jami'ar Legas. Shin "idan P, to Q" daidai take da "idan Q, to P"?

Amsa: A'a, ɗana, kodayake ɗalibai da yawa suna zaton haka. Mu ce P ita ce "mutum yana Agege", Q kuma "yana Legas". Gaskiya ne cewa idan mutum yana Agege, to yana Legas, amma wanda yake Legas yana iya kasancewa a Idi-Araba. Jumlar da ta yi daidai da ta farko ita ce "idan ba ya Legas, to ba ya Agege", domin a cikin yanayi 4 na teburin gaskiya (jadawalin da ke jera duk hanyoyin da P da Q za su iya zama gaskiya ko ƙarya), dukansu biyu suna zama ƙarya ne kawai idan P gaskiya ce alhali Q ƙarya ce.