Idan Jiha Ta Karɓe Unguwa Don Ta Raya Ta, Wa Ke Cin Moriya?

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Na ji cewa a jihar Hawayi ta Amurka majalisa kan yi doka ta cire unguwar bakin teku daga hannun hukumar birni, ta damƙa wa jiha don a raya ta. Yaya abin yake, kuma talakan wurin na samun wani abu? Daga mai karatu a Agege, Legas.

AMSA: Barka kadai, ɗan'uwa. Haka ne. A 1976 majalisar jihar ta kafa hukumar raya unguwanni mai suna HCDA, ta ba ta unguwar Kaka'ako, wadda daga baya ta kai wajen eka 600 tsakanin tsakiyar birnin Honolulu da Waikiki. A can baya wurin haƙar gishiri ne da tafkunan kifi. Lokacin da aka yi dokar kuwa ya koma garejin makanikai da ɗakunan ajiyar kaya. Dokar ta karɓe ikon tsara gari da ba da izinin gini daga hannun birni, ta miƙa wa wannan hukuma.

Aiki kam an yi shi. An shimfiɗa tituna da magudanan ruwa, tsohon juji ya zama wurin shaƙatawa a bakin teku, makarantar koyon likitanci ta jami'ar jihar ta tare can a 2005.

Inda nake da damuwa shi ne gidaje. Ƙa'ida ta ce manyan masu gini su ware kashi 20 cikin ɗari na gidajen ga masu matsakaicin ƙarfi, amma ma'aunin ya haɗa har da iyalin da samunsa ya kai kashi 140 cikin ɗari na matsakaicin samun yankin. To ina bakanike ina wannan gida? Dogayen benaye sun tashi, filaye sun yi tsada, masu ƙananan sana'o'i da dama suka tattara nasu ya nasu. Wannan yana ci mini rai, domin da sunan raya unguwa aka fara.

Sai dai jama'a ba su naɗe hannu ba. Da aka kawo shirin gina benaye a filin jiha da ke gaɓar teku, mazauna da masunta da masu wasan igiyar ruwa suka yi ta zanga-zanga, har majalisa ta haramta gina gidajen kwana a wannan ɓangaren a 2006.

Saboda haka idan irin wannan ƙudiri ya zo kusa da kai, ka nemi sashen da ya faɗi kujeru nawa mazauna ke da su a hukumar, da gida nawa aka ware musu kuma a kan wane farashi, tun kafin gwamna ya sa hannu.