Ga mai son buɗe jaridar labaran fasaha da kuɗin abokinsa

Salamu alaikum. Ƙanena, tun bayan sallar asuba na ga tambayarka, na kasa wuce ta. Ka ce za ka buɗe jaridar labaran fasaha da Hausa a intanet, abokinka zai biya kuɗin adireshin shafin da na ma'ajiyar da ake ɗora shi a kai, kai kuma rubutu, kana son sanin ko kuɗin talla zai riƙe ku. Wallahi kamar labarina ka ɗauko.

Haka muka fara ni da wani abokina a nan Jos, ni da alƙalami shi da aljihu. Shekara uku ina tashi cikin sanyin nan namu, yatsu na ƙagewa, ina neman yadda zan faɗi abu da Hausar da mai shayi zai gane. Da rana in gangara Taminus in bi masu sayar da waya shago shago ina tambayar farashi. Ba mu rubuta komai a tsakaninmu ba. Me za mu rubuta? Tare muka taso a Gangare, mahaifiyarsa Inna nake ce mata.

Watan da muka samu talla ta farko mai tsoka, na wayi gari kalmar sirrina ta ƙi shiga. Na ɗauka matsalar sabis ce. Na kira shi har sau tara bai ɗauka ba. Da yamma na same shi a majalisa, ya dube ni a gaban mutane ya ce, "Ai da sunana aka yi rajista, kai ma'aikaci ne." Ma'aikacin da ba a taɓa ba shi albashi ba! Na taka da ƙafa har gida, ban san na wuce ƙofarmu ba sai da wani yaro ya kira ni. Matata ta ajiye tuwo, har ya huce ban taɓa ba. Manya sun shiga maganar, aka ce ina shaida, ba ni da ko ƙyallen takarda. Abin da ya fi ci mini rai, da na je gaida Inna sai ta ce in yi haƙuri, arziki nufin Allah ne.

Don haka kafin maganar talla, adireshin nan ya zama da imel ɗinka da lambarka. Ku je CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ku yi rajista da sunayenku biyu, a rubuta kason kowa, a sa shaidu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka, mu kuma muna jin kunyar rubutu wai kar a ce ba yarda.

Ko a Amurka mai takarda ne mai gida. Michael Arrington ya kafa jaridar fasaha ta TechCrunch a 2005, ya sayar wa kamfanin intanet na AOL a 2010, shekara na zagayowa ya bar jaridar bayan rigima kan asusun zuba jari da ya buɗe. Daga nan ta yi ta sauya hannu: kamfanin sadarwa na Verizon ya sayi AOL a 2015, kamfanin zuba jari na Apollo ya karɓa a 2021, a 2025 aka sayar da jaridar ga wani kamfanin zuba jari, Regent. Shi Arrington aƙalla an biya shi miliyoyin daloli kafin ya fita.

Talla kaɗai ba za ta riƙe ku ba, kar ka sa rai. AdSense, tsarin tallan Google, sai kuɗinka ya kai dala 100 ake biyanka, mu kuwa wata da watanni muke kafin mu haɗa. GigaOM, wata jaridar fasaha ta Amurka, da duk sunanta bashi ya rufe ta a 2015. TechCrunch ta gwada kuɗin rajistar masu karatu daga 2019, ta daina a 2024, amma taronta na Disrupt yana nan ana sayen tikiti. Dubi jaridun fasaha na Legas ma: TechCabal da ta fara a 2013 ta fito da taron Moonshot a 2023, Techpoint ita ma da taruka ta haɗa. Kai ma fara ƙarami, koyar da 'yan POS da masu gyaran waya, ko bita ta kwana ɗaya.

In an biya ka ka rubuta, ka rubuta a sama cewa talla ce. Na taɓa yabon wata manhajar bashi don dubu ashirin, wani ɗan unguwarmu ya ci bashin saboda ni, masu manhajar suka yi ta aika wa danginsa saƙon cin mutunci. Har yau nauyinsa nake ji.

Kuma duk rubutun da ka yi ka ajiye kwafinsa a wajenka. Nawa suna can har yanzu ana karantawa, an goge sunana an sa "Wakilinmu". Ka ce wa abokin naka ku zauna tare ranar rajista, ka ga yadda fuskarsa za ta yi, sannan ka dawo ka faɗa mana.